Amsa kan injin huɗa da ke mutuwa in ya shiga ƙasa

Assalamu alaikum jama'a. Wannan amsar Malam ce, wanda ya ce injin huɗarsa na hannu ja ɗaya yake tashi, yana sulo (juyawa a hankali ba tare da aiki ba) lafiya lau, amma da haƙoran sun kama ƙasa sai ya hau tari ya mutu, har fulogi ya canza abin yana nan. To Malam, ni dai ban zargi fulogin nan ba.

Inji ya tashi, ya yi sulo, ya kasa ɗaukar nauyi, galibi yunwar mai ke damunsa. A kafireta, inda fetur ke gauraya da iska, hanyar mai biyu ce: ƙaramar jet (wato 'yar kafar da mai ke bi) ta sulo, da babbar jet da ke ciyar da inji in aiki ya yi nauyi. Babbar za ta iya toshewa rabi, ƙaramar na aikinta, kai kuma kana cewa ai inji lafiyarsa ƙalau.

Kafin ka taɓa sifana, yi wannan gwajin. Bar shi ya yi zafi, ja cok (maɓallin rage iskar da ke shiga kafireta) rabi, ka sa shi cikin ƙasa. In ka ji ya ƙara ƙarfi, magana ta ƙare, mai ne ba ya isa. In kuwa sai ya yi wasu mintuna yana aiki kafin ya mutu, sassauta murfin tanki ka sake gwadawa. Akwai 'yar kafar iska a murfin, in ta toshe mai ba ya sauka.

To wankin jet. Rufe famfon mai, kwance notin da ke ƙasan kofin kafireta, yawanci sifana 10 ce. Abin da ke cikin kofin ka juye a kwalba mai haske. In da ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, fetur na sama. Jet ɗin 'yar tagulla ce a tsakiya, ka ciro ta da sukundireba mai faɗin baki, ka ɗaga ta sama ka leƙa. Haske ya kamata ya fito zagaye tas. In ba haka ba, zare sili ɗaya daga wayar lantarki ka zura a hankali. Don Allah ban da allura, ban da ƙusa. Ka faɗaɗa ramin nan, ka sayi wata matsalar, shan mai da baƙin hayaƙi. Kuma in fetur ɗin ya yi watanni a tanki, zubar da shi, shi ke zama danƙo.

Idan da ka ja cok abin ya ƙara lalacewa, yana fitar da baƙin hayaƙi, to iska ce ba ta isa. Duba matatar iska, aikin ƙura ne. Ta soso a wanke a shanya, ta takarda a canza.

Akwai kuma mutuwar da ba tari, ɗif kamar an kashe makunni. Injuna irin su Honda GX160 da GX200, waɗanda ke da na'urar lura da baƙin mai, suna kashe kansu in ya yi ƙasa, musamman in inji ya karkata. Kusan lita 0.6 na baƙin mai suke ci. Auna shi a wuri mai daidai.

Gwamna kuma, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, duba ko sifirin ɗinta ya fita ko ya saki, amma kada ka hau murɗa ta.

Ni na taɓa ɓata kwana biyu a kan kafireta, ashe igiyar leda da ciyawa ne suka nannaɗe sandar haƙoran suka ɗaure ta tam. Cire hular fulogi tukuna kafin ka sa hannu a wurin. Sannan ƙarfen bayan nan mai saita zurfi, kada ka nitsa shi gaba ɗaya a busasshiyar ƙasa. Bi sama-sama, ka dawo ka ƙara.

Ka gwada cok ɗin ka faɗa mana. Kuma turo hoton bakin tsohon fulogin, in ga ko fari ne ko baƙi.