Amsa: ta ina zan fara tara bugun farko na littattafan Nnedi Okorafor?

Malam, ka ce kana son tara bugun farko da masu sa hannunta amma ba ka san yadda ake gane na asali ba. To ni dai shawarata ka fara da Zahrah the Windseeker na 2005, bugun Houghton Mifflin, lokacin sunanta a bango Nnedi Okorafor-Mbachu ne, in ka ga Okorafor zalla to bugun baya ne kar wani ya yi maka wayo.

Abin da nake fara yi in littafi ya shigo hannuna shi ne in buɗe bayan shafin take, akwai wani layin lambobi ƙanana can ƙasa, in 1 tana ciki to bugun farko ne, in mafi ƙanƙanta 3 ce an buga shi sau uku kenan. Kuma rigar takardar nan ta saman bango kar ka yarda ta yage, wallahi ita ce rabin kuɗin.

Who Fears Death na 2010 ka nemi mai kwalin tauri, bugun kamfanin DAW. Shi kuwa Akata Witch a nan Najeriya Cassava Republic sun fitar da shi da wani suna, What Sunny Saw in the Flames, ni ya fi min daɗin ajiyewa gaskiya.

Sa hannu kuma sai a hankali, kowa na iya ɗaukar biro ya zana. Ka tambayi mai sayarwa a wane taro ta sa, ya turo maka hoto. Sannan ka ɗaga littattafan daga ƙasa, gara ta taɓa cinye min kwali guda a damina ɗaya.