Labarin Dodanni da Aljanu Wasan Yara Ne?

'Yar'uwa, kin ce kina rubuta littafi da kika gina a kan almara, amma ƙawayenki suna cewa tatsuniyar yara ce, kina tambaya ko irin wannan rubutu yana ɗaukar magana mai nauyi. Yana ɗauka sosai.

Duba Gilgamesh, sarkin Uruk a ƙasar Iraƙi ta yau, wanda aka rubuta labarinsa a allunan yumɓu fiye da shekara 3000 da suka wuce. Amininsa Enkidu ya rasu, tsoron mutuwa ya kama shi, ya bazama neman dawwama. Da ƙyar ya ciro wani tsiro mai mayar da tsoho yaro daga ƙarƙashin ruwa. Ya tsaya wanka a hanya, maciji ya lallaɓo ya ɗauke. Duk wanda ya taɓa binne nasa ya san wannan zafin.

A gida ma, macijin rijiyar Kusugu a Daura ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo Bayajida ya sare shi. Tambayar ita ce: wa ya cancanci mulki, ɗan gari ko wanda ya yi aikin?

Inda masu farawa ke tuntuɓe shi ne cika shafi da sihiri, jarumar kuwa ba ta rasa komai. Ni da zarar na ga layar da ke warware kowace matsala, nakan ajiye littafin.

Idan za ki taɓa aljanu ko bori, ki fara nuna wa malamin addini. Tarihin Daura kuma ki tambayi malaman tarihi a jami'a, don ruwayoyin sun bambanta.