"Tsufa Ne" Ba Sunan Cuta Ba Ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu tela ne mai shekara 72, kuma tun bara ganinsa ya fara dusashewa, har ta kai ba ya iya zura zare a allura. Yayyena maza sun ce tsufa ne, kai shi asibiti asarar kuɗi ce, suka ɗauke keken ɗinkinsa wai don ya huta. Yanzu ko maganar auren ƙanwarmu sai an gama yankewa ake sanar da shi. Baba ya daina hira, wuni yake a zaure kan buzunsa. Ina da hujjar ja da su? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kina da hujja, mai ƙarfi kuwa. Abin da ya fi makantar da mutane a duniya shi ne yanar ido, wadda ake cirewa da ɗan gajeren aiki, sau da yawa mutum ya koma gida a ranar. Likita ne kaɗai zai tantance ko ita ce ko hawan jinin ido, wanda ganin da ya cinye ba ya dawowa, shi ya sa jinkiri yake da haɗari. Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa tana nan Kaduna, kusa da ku.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya, sai dai, shi ne keken nan da kuma shawarar da aka daina yi da shi. Yayyenki na iya ɗauka tausayi suke yi, amma mutumin da ya ciyar da gida da ƙafarsa a kan keke, ranar da aka ce ya zauna kawai, an gaya masa ke nan cewa amfaninsa ya ƙare, kuma shirun da kike gani amsarsa ce. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutum ɗaya cikin biyu yana da ɗabi'ar raina tsofaffi saboda shekarunsu, kuma wannan rainin yana taɓa lafiyarsu. Mu da aka hana mu ce wa iyaye ko da "uf" a Suratul Isra'i, bai kamata mu shiga wannan lissafin ba.

Kada ki tunkari yayyenki da faɗa. Ki nemi baffanku ko limamin unguwa ya zaunar da su, sannan ki fara tambayar Baba da kansa ko yana so a duba idon, domin idonsa ne. A mayar masa da kekensa, ko da jika ne zai riƙa zura masa zaren kafin ranar ganin likita.