Yadda furotin ke tona asirin ƙwayoyin gadon ciwon sikizofireniya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a nan Kaduna, ina karatun ilimin halittu. Yayana yana fama da sikizofireniya, wani nau'in ciwon taɓin hankali, shekara huɗu ke nan, yana karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Na ji an gano ƙwayoyin gado da yawa masu alaƙa da ciwon, wai kuma ta furotin ɗinsu ake gane aikinsu. Me hakan ke nufi, kuma zai amfani yayana?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba yayanki lafiya, Ya saka muku da alheri kan jinyar da kuke yi.

Gaskiya ne gado yana da hannu babba. Binciken tagwaye ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin haɗarin kamuwa tsakanin mutane daga gado yake. Amma ba ƙwayar gado ɗaya ba ce. A 2014 wata gamayyar masana ta duniya ta gano wurare 108 a cikin gadon ɗan Adam masu alaƙa da ciwon. A 2022, bayan an duba marasa lafiya sama da 76,000, adadin ya kai 287. Kowane wuri ɗan tasirinsa kaɗan ne. A 2022 ɗin kuma wani binciken ya fito da ƙwayoyin gado 10 waɗanda lalacewarsu ba ta da yawa a cikin jama'a, amma in ta faru haɗarin yana ninkawa sosai.

To ga inda gizo ke saƙar. Jerin sunaye kawai muka samu, GRIN2A, SETD1A, CUL1, TRIO da sauransu, kuma suna ba ya faɗa miki sana'ar mai shi. Ƙwayar gado rubutaccen umarni ce, furotin ne ma'aikacin da ake ƙerawa da umarnin, kuma ba ya aiki shi kaɗai. Ki shiga kasuwar Panteka ki ga yaro tsaye, ba ki san aikinsa ba. Ki bi shi da ido kaɗan: in kullum yana tsakanin masu walda, yana miƙa musu ƙarfe, suna aikensa, ai kin gane. Bahaushe ya ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma wannan dabarar ce masana suke bi da furotin.

A ɗakin gwaji ga yadda abin yake. Tunda ba za a yanki ƙwaƙwalwar mai rai ba, sai a ɗauki ƙwayoyin fata ko na jini a mayar da su tamkar jarirai, ta hanyar da Shinya Yamanaka na Japan ya buɗe, wadda ta sa aka ba shi kyautar Nobel a 2012, sannan a raine su su zama ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a cikin faranti. Sai a fasa su a hankali, a jefa wani sinadari mai kama furotin ɗaya tak kamar ƙugiya, a jawo shi. Duk wanda ke riƙe da shi sai ya biyo. Wata na'ura mai auna nauyin gutsattsarin furotin ita ke faɗin sunayen waɗanda suka biyo ɗin. In aka yi wa ƙwayoyin gado da dama haka, sai a zana taswirar wa ke hulɗa da wa.

Wannan batun ƙwayoyin jijiya ina so ki riƙe shi da kyau. Yawancin tsofaffin taswirori an yi su ne a cikin yis ko ƙwayoyin da aka samo daga ƙoda, alhali furotin yana sauya abokai gwargwadon inda yake. Da masana a Cibiyar Broad ta Amurka suka yi aikin a ƙwayoyin jijiyar ɗan Adam, sakamakon da suka fitar a 2023 ya nuna mafi yawan hulɗar da suka gani ba a taɓa rubuta ta ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne, waɗannan sunaye da suke kamar a warwatse, da yawansu wuri guda suke taruwa: mahaɗar jijiyoyi, ɗan siririn gibin da ƙwayar jijiya ke miƙa wa 'yar'uwarta saƙo. GRIN2A yana ƙera wani ɓangare na ƙofar da ke karɓar sinadarin gulutamet, wadda ake kira NMDA. GRIA3 yana ƙera ɓangaren wata ƙofar maƙwabciyarta. CACNA1G da CACNA1C ƙofofin kalsiyam ne. Mu likitoci mun daɗe da sanin cewa maganin sa barci na ketamin, wanda ke toshe ƙofar NMDA, yana iya sa lafiyayyen mutum ya nuna alamu irin na wannan ciwo na ɗan lokaci. Yanzu gado ya zo ya nuna wannan ƙofar dai. Wasu kuma aikinsu a bayan fage yake: SETD1A yana cikin masu buɗe wa wasu ƙwayoyin gado hanya su yi aiki, CUL1 da HERC1 kuma suna sa wa furotin alama a kwashe shi in ya gama aiki.

Akwai kuma C4, na garkuwar jiki, wanda aka danganta da ciwon a 2016. Yana cikin masu sa wa mahaɗun jijiya alama a sassabe su, aikin da ƙwaƙwalwa ke yi sosai a lokacin samartaka. Masana na ganin sassabe fiye da kima na iya bayyana dalilin da ciwon ya fi ɓullowa daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da 'yan kai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin 'yan Afirka a cikin waɗannan bincike, alhali mu ne muka fi kowa bambancin gado. Binciken da aka yi a kan al'ummar Xhosa ta Afirka ta Kudu a 2020 shi ma mahaɗar jijiya ya nuna. Ina fata irinku masu karatun nan ku kawo aikin gida.

Game da yayanki, ba zan ɓoye miki ba: yau babu gwajin jini na gado da zai tabbatar da ciwon ko ya zaɓa masa magani. Kusan duk magungunan da muke bayarwa, tun daga kulofuromazin na 1952, ƙofar sinadarin dofamin suke taɓawa. Sai a 2024 Amurka ta amince da wani magani da ya bi wata hanyar daban, kuma irin waɗannan sababbin hanyoyin ake nema da taswirar furotin. Kada kuma ki tsorata da batun gado a kanki. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, sau da yawa ɗaya yana kamuwa ɗayan bai kamu ba. Ya ci gaba da shan maganinsa ko da ya ji sauƙi, ya nisanci wiwi, ya riƙa samun barci. In maganin yana sa shi ƙiba, rawar hannu ko sanƙarewar jiki, kada ya daina da kansa, ku koma Barnawa ku faɗa wa likitansa a duba a sauya masa.