Amsar saƙonka kan gasar tseren keke ta ɗaliban jami'a

Ƙanena, na ga saƙonka, na kuma saurari muryar da ka turo har sau biyu. Ka ce wani mutum ya yi maka alkawarin sa sunanka cikin tawagar da za ta je gasar tseren keke ta ɗaliban jami'o'in duniya in ka biya shi, kuma da ka sauka Turai sai ka zille ka nemi karatu ko aiki. Kana tambaya ko haka abin yake. Wallahi ba haka yake ba, kar ka ba shi ko kwabo.

Gasar dai gaskiya ce. Ƙungiyar wasannin jami'o'i ta duniya, FISU, ita ke da ita, hedikwatarta na Lausanne a Suwizalan. An yi ta a nan garin da nake zaune, Nijmegen na ƙasar Holan, a 2008. An yi a Jelenia Góra ta Polan a 2014, a Tagaytay ta Filifin a 2016, a Braga ta Fotugal a 2018, sannan a Kosta Rika a 2024. Ka ga ke nan ba kullum ma ake yin ta a Turai ba, yawo take yi. Sai ka tambayi mutumin naka a wace ƙasa za a yi ta gaba, ka ji ko zai iya ba ka amsa.

Mutum ba ya shigar da kansa, ejan ma ba ya shigar da kowa. Ƙungiyar wasannin jami'o'i ta kowace ƙasa ce ke aika sunaye, a wajenmu NUGA ke nan. Dole ka zama ɗalibi mai rajista ko wanda bai daɗe da gamawa ba, shekarunka tsakanin 18 da 25, kuma ƙasar da kake riƙe da fasfonta ita za ka wakilta. Ko ni da nake nan, da a ce ina cikin shekarun, rigar Najeriya zan sa, kuma ta hannun mutanen gida sunana zai bi. Ban da wannan akwai lasisin tsere, wanda hukumar keke ta ƙasa ke bayarwa a ƙarƙashin dokokin UCI, uwar hukumomin keke ta duniya. Kai kuma ka faɗa min da bakinka ba ka taɓa shiga tseren da aka rubuta sakamakonsa a takarda ba.

Na san kana da ƙarfi. Na san tun kana ƙarami kake tuƙa Phoenix ɗin Baba da buhun masara a baya, kuma yanzu kakan fita bayan sallar asuba ka yi nisa kafin rana ta ɗaga. Wannan jari ne, ban raina shi ba. Amma tsere wani abu ne daban, kuma sai da na hau da kaina na gane. Ranar da na fara bin ƙungiyar ɗalibai, mun fita wajen tuddan Berg en Dal cikin sanyi, iska na dukan fuska. Mu ashirin da wani abu ne, biyu-biyu a jere, tayar gabana ba ta fi taƙi ɗaya da tayar na gabana ba. Ba a taɓa birki haka kawai, domin in ka taɓa, na bayanka zai hau ka, shi ma na bayansa haka. Na gaba ya ga rami sai ya nuna da yatsa, saƙon ya bi layi har ƙarshe. Wanda ke laɓe a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, shi ya sa ake karɓa-karɓa a gaba. Ni ban san haka ba, na bar tazara saboda tsoro, iska ta cinye ni, kafin tudu na uku sun ɓace min. Wata yarinya da ba ta kai ni jiki ba ce ta dawo ta ja ni har muka iske su. Ƙafa ina da ita a ranar, ilimin ne babu.

Na kan titi ke nan. Akwai kuma wanda ake sakin mutum shi kaɗai ya yi tsere da agogo. Na keken dutse kuwa, ana zagaya hanya ce ta 'yan kilomita cikin daji, da saiwoyi da duwatsu da gangare, kusan awa ɗaya da rabi ba hutu. A ganina nan ne ɗan Arewa ya fi samun sauƙin farawa, domin wurin atisaye Allah ya ba mu kyauta. Kana da Kufena a bayan Zariya, ga duwatsun Jos.

Kayan aiki ma ba wasa ba ne. Keken tsere na gaske yakan yi kusa da kilo 6.8, mafi ƙarancin nauyin da UCI ta yarda da shi, kuma kuɗinsa na iya sayen mota. Ka tuna Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke na Olamfik a Faris a 2024, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta yi tseren cikin fili. Abin ya taɓa ni ƙwarai, har yau in na tuna sai raina ya sosu. To in wadda ta kai wannan matsayi ta gamu da haka, wane keke ejan ɗinka zai ba ka?

Maganar zillewa ita ta fi tayar min da hankali. Bizar da ake ba ɗan wasa ta ɗan lokaci ce, ba ta wuce kwana 90, kuma ba ta rikiɗewa ta zama ta karatu don ka ƙi komawa. Na san wani yaro ɗan Afirka ta Yamma da ya zo wata gasa ya ƙi bin jirgi. Yakan zo masallacinmu ranar Juma'a. Ba shi da takarda, ba inshora, aikin da yake samu na ɓoye ne, ko 'yan sanda ya hango a tasha sai ya sauya hanya. Wasan da ya kawo shi ya bar shi gaba ɗaya. Da mahaifiyarsa ta rasu, a waya ya karɓi gaisuwa. Bayan haka duk wanda ya gudu yana ƙara wa 'yan wasan da ke bayansa wahalar samun biza.

In karatu kake so a nan, ƙofarsa daban ce. Jami'a za ta fara ba ka gurbi, ita ce kuma za ta nema maka izinin zama a hukumar shige da fice, bayan ka nuna kana da kuɗin makaranta da na zaman shekara. Kuɗin wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ya ninka na 'yan ƙasa sau da yawa, don haka ka fi mayar da hankali kan neman tallafin karatu. Aiki awa 16 kawai aka yarda maka a mako, ko cikakke a watannin Yuni, Yuli da Agusta, kuma sai mai aikin ya nema maka izini. Dole kuma ka ci aƙalla rabin darussanka kowace shekara, in ba haka ba izinin zaman na iya tafiya. In ka shigo ta nan, keke sai ka gaji: ƙasar da kekuna suka fi mutane yawa ce, kuma manyan garuruwan jami'a na da ƙungiyoyin tsere na ɗalibai.

Kar ka ɗauka ina kashe maka gwiwa ne. Biniam Girmay, ɗan ƙasar Eritiriya, a titunan Asmara ya koyi tsere, ga shi ya ci koriyar riga, ta wanda ya fi tara maki, a gasar Tour de France ta 2024. A 2025 kuma Kigali ta Ruwanda ta karɓi gasar duniya ta kan titi, karo na farko a Afirka. Da sakamakon gida aka san Biniam kafin Turai ta kira shi.

Saboda haka ka je ofishin wasanni na jami'arku a makon nan, ka tambayi wanda ke kula da harkar NUGA, ka kuma nemi ƙungiyar keke ta jiha ka yanki lasisi. Duk tseren da ka ji, ko na gari ne, ka shiga, ka ajiye sakamakon. Ka turo min sakamakon jarrabawarka na zangon da ya wuce mu duba tallafin da ya dace da kai. Ka haɗo da lambar takalminka da awon kanka, akwai hular kwano da takalmin feda da zan ba wani mai zuwa Kano bayan Sallah ya kawo maka. Ka gaishe min da Inna, kuma ka nuna mata saƙon nan kafin ta sayar da komai nata.