Tambaya da Amsa: Me ya sa sinafdiragon ɗina ya daina fure?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi dashen furen sinafdiragon na jera a gefen lambuna. Da farko ya yi kyau, ga ja, ga rawaya, ga fari. Da zafi ya shigo sai ya tsaya cak, ganyensa ya yi ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa. Na ƙara ruwa da taki, ba wani canji. In tuge shi ne ko in jira? Ina kuma son in shuka da kaina daga iri. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ajiye takin nan tukuna, ba yunwa ce ta kama shi ba. Wannan fure, wanda masana ke kira Antirrhinum majus, asalinsa ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne irin su Sifaniya, Fotugal, Maroko da kudancin Faransa, kuma ɗan sanyi ne. Ya fi walwala idan zafin rana bai wuce digiri 15 zuwa 20 ba. Da zarar ya doshi 30 sai ya riƙe furensa, ko me kika zuba masa. Yana iya wuce shekara a raye, amma a ta biyu yakan rame ya yi tsawo siriri, shi ya sa masu lambu ke sabunta shi duk shekara.

Ɗigon da kika gani ya fi damuna. Ki juya ganyen, ki shafa bayansa da yatsa. In wata hoda ruwan ƙasa ta biyo hannunki, to tsatsar ganye ce, wata cuta da ke kama tsirrai, kuma jiƙa ganye ne ke taimaka mata ta yaɗu. Ƙarin ruwan da kika yi, in ta sama kike yayyafawa, ita ya amfana. Waɗanda suka kamu sosai ki tuge su ki ƙone, kada su shiga tarin takinki. Masu sauran lafiya ki datse musu sandunan furen da suka tsufa, ki riƙa ba su ruwa a gindi da safe. Sanyi na dawowa za su iya sake yin fure. Ni dai ba na sake dasa shi a wannan gurbin a shekara mai zuwa.

Batun iri, ki yi lissafi da baya: sati 8 zuwa 10 kafin lokacin dashe. Inda zafi ya fi yawa, a dasa da shigowar sanyi. Inda ake ƙanƙara, sai ta kusa janyewa. Irin ƙanana ne kamar ƙura kuma yana buƙatar haske kafin ya tsiro, don haka ki barbaɗa shi a kan ƙasa mai laushi, ki danna kaɗan, kada ki rufe. Ki sa tukunyar cikin faranti mai ruwa ta sha ta ƙasa, don yayyafi yana kwashe shi. Cikin kwana 10 zuwa 14 za ki ga tsiro.

Ga abin da mutane ke jin tausayin yi: idan tsiron ya kai santimita 8 zuwa 10, ki tsinke masa kai. Fure zai ɗan yi jinkiri, amma maimakon sanda ɗaya za ki samu rassa da yawa. Gajerun iri, masu santimita 15 zuwa 25, su suka dace da bakin layi, tazarar santimita 15 ta ishe su. Dogayen irin su Rocket suna kaiwa kusan mita ɗaya, suna son tazarar santimita 30 da ɗan karan da za a ɗaure su a jikinsa, in ba haka ba iska ta kwantar da su.

In fakitin da kika saya an rubuta F1 a jikinsa, wato irin da aka samar ta hanyar haɗa nau'i biyu, kada ki dogara da irin da za ki tara daga furensa. Zai tsiro, sai dai launi da tsayin ba lallai su yi daidai da na uwar ba.