Mai zane na neman kaso a littafinka: ka biya shi ko ku raba riba?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da littattafan makaranta da kayan rubutu a Daura ya aiko da tambaya. Ya rubuta labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu don 'yan firamare, yana so ya buga. Mai zanen da ya samu ya ce ko a biya shi kuɗin aikinsa, ko su raba riba. Wanne ya fi?

Malam, in da hali ka biya shi. Raba riba na da daɗin ji tunda ba ka fitar da ko sisi ba, amma littafi ba ya tafiya kamar buhun shinkafa. Sai ya daɗe a kanta, makarantu su ɗauka bashi, mai zane kuma ya fara zargin kana ɓoye masa ciniki.

Sai dai biya kaɗai bai mallaka maka zanen ba. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, mai zane ba ya sallama haƙƙinsa sai a rubuce. Don haka ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu: zane nawa, har da bango, da izinin sake bugawa. Kuɗin ka kasa shi uku: kafin alƙalami, bayan ka ga zanen fensir, sai cikon in ya kammala.

Kafin ya ja layi ko ɗaya, ka ninke farar takarda ka yi samfurin littafin, shafi 24 ko 32, domin a maɗaba'a shafuka takwas-takwas ko sha shida-sha shida suke fita. Ka rubuta abin da zai zauna a kowane shafi: nan Bayajidda na zura guga, nan macijin ya fasa kai, nan Daurama a fada. A matakin fensir ake gyara. In aka riga aka sa launi sannan ka ce rawanin bai yi ba, sabon kuɗi ne. Kuma ka sa ido sosai, yaran Daura sun san Kusugu da idonsu, ba za su yarda da rijiyar da ba tasu ba.

Launi ne ke cin kuɗi, don bugun kala faranti huɗu na injin bugu yake buƙata, kowane launin tawada da nasa. Ka yi bango mai kala, ciki baƙi da fari. Kafin a buga ka karanta kwafin gwaji na maɗaba'a da kanka, don ɓ da ɗ da ƙ sukan ɓace a kwamfutar maɗaba'a. Lambar ISBN kuma, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta.

Kada ka taɓa jarin shago. Ka fara fitar da kwafi kaɗan, ka kai wa shugabannin makarantun da ke sayen kaya wurinka kafin zangon Satumba. Yawan da suka yi oda shi zai gaya maka nawa za ka buga.